Manyan Baƙaƙe Don Gwaggon Madabo

Ana sallame sallar asuba muka bar Kaduna, ni da ƙanena, kwamfuta a cinyata kamar jaririya. Hanyar Zariya ta yi kyau yanzu, shi ya sa direbanmu ya ga ba sauran dalilin taka birki. A Kwanar Dangora muka karya da ƙosai. Kuɗinsa ya yi ƙiba, shi kuwa ya rame.

Gwaggo, yayar mahaifinmu, ita ta kai ni Kano. Marigayi mijinta, Malam, ya bar waƙoƙin bege da ajami, na buga su na ɗora a shafin intanet. Idonta kullum raguwa yake, likita kuma bai ɓoye mata ba. Ta ce tana so ta karanta su da kanta kafin ganin ya tafi, ba ta yarda a karanta mata ba.

Mai adaidaita ya sauke mu a bakin lungun Madabo, muka ƙarasa da ƙafa. Ganuwar da muke hawa muna yara ta zaizaye, Goron Dutse ne kawai na tarar yadda na bar shi. Da na shiga zauren gidan sai kewa ta kama ni, don a nan Gwaggo ta koya mana babbaƙu. Sabon shiga takan rubuta masa baƙi kamar tafin hannu a allo, yana wayo tana rage girman.

Bayan mun ci gurasa bandashe, na buɗe mata shafin a wayarta. Ta kawo ta dab da hanci, ta nesanta, ta sake matso da ita.

"Ɗan nan, tururuwa ka zubo mini?"

Tun tuni an ƙara mata girman rubutun wayar har ƙarshe, saƙonninta manya-manya. Shafina ne ya ƙi bin umarni, don na ƙayyade masa girma ɗaya tak saboda baitoci su jeru tsaf a kwamfutata. Na jawo kwamfutar. Nan kan tabarma na cire wannan ƙa'idar girman daga shafin, na bar rubutun ya bi girman da mai waya ya zaɓa.

Baitocin suka kakkarye, tsarin da nake taƙama da shi ya wargaje. Gwaggo ta ɗora yatsa ta fara rerawa a hankali. A tsakiyar baiti ta tsaya.

"A nan Malam yake jan numfashi," ta ce, ta goge ido da gefen mayafi, ta ci gaba.

Da la'asar muka kamo hanya, muka iso gida lafiya. Tafiyar ta koya mini cewa girman rubutu ba na mai rubutawa ba ne, na mai karantawa ne. Gwaggo ta yi mini manyan baƙaƙe lokacin da ban san komai ba, Allah Ya sa na rama mata tun tana gani.