Tafi da Yatsan Malam Baiti

A taron malamai na farko da na halarta, kowa ya ɗauka ciwo ne yake sa hannun Malam Baiti rawa. Yana zaune kusa da taga, hannunsa na dama a kan gwiwa yana ta motsi. Ni da nake gefensa sai na lura cewa in mai magana ya yi shiru, hannun ma tsayawa yake. In ya ci gaba, hannun ya ci gaba, wani lokaci tafin hannu ya sauka, wani lokaci yatsa ɗaya. Ashe awon maganar mutane yake yi.

Shekara ashirin da shida ya yi yana koyar da rubutacciyar waƙa a wannan sakandare. Ɗalibai ne suka laƙaba masa Baiti, don in ka yi latti a ajinsa ba bulala ba share fili, baiti ɗaya za ka tsara a tsaye kafin ka zauna. Ɗan kafinta ne, ya taso yana riƙe wa mahaifinsa katako, har yanzu kuma shi yake gyara bencin ajinsa in ya kwance. 'Ya'yansa huɗu duk sun bar gida, saura shi da matarsa. Waɗanda suka san shi a da sun ce in yana rera baiti, mai gadi a bakin ƙofa yana jin sa. Haka yake koyarwa: ya rera, aji ya bi, sannan kowa ya zuba kalmominsa a cikin wannan muryar.

A hutun da ya wuce aka yi masa aiki a maƙogwaro. Ya dawo da ƙyalle a wuya da ɗan littafi a aljihu. Muryar ta tafi, sai raɗa wadda sai ka kai kunne kake ji.

Mako na biyu Shugabar makaranta ta kira mu ofishinta, shi da ni, tunda ni ce sabuwar malamar da ba ta da ajin kanta.

"Malam, ban kira ka don in ɓata maka rai ba," in ji ta. "Amma waƙa da kunne ake koyon ta. Iyaye sun fara magana. Ɗakin karatu, wato laburare, na buƙatar mutum, ga sanyi, ga shiru, ba mai wahalar da kai."

Ya zaro littafinsa ya yi rubutu, ya miƙo mini in karanta. "Ranki ya daɗe, shirun da nake da shi ya ishe ni. A bar mini aji biyar zuwa ƙarshen zango."

Ta yi ɗan murmushi, amma ba ta sassauta ba. "To. Makon ƙarshe zan shigo da kaina. In ban ga abin da zan nuna wa iyaye ba, za ka karɓi mabuɗin ɗakin karatu, ba kuma za mu sake maganar ba."

Aikina shi ne in zauna a ajin, in karanta abin da ya rubuta in ya yi tsawo. Makonni biyun farko ba su yi kyau ba. Ya cika allo da bayanin 'yar tagwai mai ɗango biyu, wato layi biyu, da 'yar uku, da 'yar huɗu, da yadda amsa-amo yake zama a ƙarshen ɗango. Yara arba'in da ɗaya suka kwafe tsaf. Da aka ce su rubuta nasu, sai ga ɗango ɗaya kamar igiyar shanya, na ƙasansa kamar guntun alli.

Ranar wata Litinin ya shigo bai taɓa alli ba. Ya nuna wata yarinya a gaba da ake kira Rediyo, don bakinta ba ya hutawa, ya yi mata alama ta faɗi sunanta na yanka. Ta faɗa. Ya buga tebur: tafi, yatsa, tafi. Ya nuna na kusa da ita. Yatsa, tafi. Kafin ya kai layi na uku, yara sun fara riga shi bugawa. Sai a lokacin ya rubuta kalmomi kaɗan a allo: gaɓa mai nauyi tafi, marar nauyi yatsa.

Daga ranar ajin ya koma kamar shagon kafintoci. Malamin lissafi da ke makwabtaka ya leƙo ya ce, "Malam, in rufin kuke sauyawa ku gaya mana mu fito." Malam ya auna maganar tasa a kan tebur, aji ya fashe da dariya, shi ma ya tafi yana dariya.

Yadda ya raba musu aiki shi ya fi ba ni sha'awa. Rediyo 'yar tagwai ya ɗora mata, ɗango biyu kacal.

"Haba Malam, biyu? Ai ko gaisuwa ban gama ba!"

Ya ɗaga mata yatsu biyu, ya wuce. Wani dogon yaro a bencin baya, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, Dogo suke ce masa, shi aka bai wa tahamisi, wato ka ɗauki ɗango biyu na wani ka gina uku naka a kansu su zama biyar. Na tambayi Malam ko bai yi wa yaron nauyi ba. Ya rubuta mini: "'Yata, farawa ce take yi masa wuya. In wani ya fara, shi zai ƙarasa." A ƙasa ya ƙara: "Da, duk waƙar da suka kawo muryata nake ji a ciki. Yanzu tasu nake ji."

Shugaba ta shigo ranar Alhamis ta makon ƙarshe, bayan hutun tara, rana ta take. Aka sa mata kujera a tsakiyar aji. Ta ce ba ta son abin da aka haddace.

"Ku rubuta kan wani abu da ke cikin ɗakin nan. Minti ashirin."

Ba ka jin komai sai ƙananan bugu a kan benci, kowa da nasa. Malam ya tsaya jikin allo, hannayensa a baya. Na ga ƙyallen wuyansa ya jiƙe da gumi.

Wata yarinya ta karanta 'yar uku kan tsintsiya, wani ya kawo 'yar huɗu kan agogon bango. Shugaba tana gyaɗa kai. Sai Rediyo ta miƙe.

"Fanka ta zauna ba ta aiki,
Zafi ya zama sarkin ɗaki."

Aji yana bin ta da bugu kamar yadda suka saba. A ɗango na biyu bugun ya harɗe, inda ake jiran tafi biyu sai ga yatsa biyu. Malam bai motsa ba.

"Na biyun yana ɗingishi," in ji wata murya mai kauri daga baya. Kowa ya waiga. Dogo ne.

"Kai da ba ka magana, yau a kaina za ka fara?" in ji Rediyo. Amma ta sunkuya ta buga ɗangon a kan bencinta, ta sake bugawa, ta ciji biro. "To, na ji. Zafi ya zamto sarkin ɗaki." Aka buga tare, ya zauna daram.

Shugaba ta gyara zama. "Kai mai gyara wa mutane, ina naka?"

Dogo ya miƙe da takarda a hannunsa. Ya ce shi bai fara komai ba, jira yake a fara. Ya roƙi minti biyar. Ta duba agogo ta ba shi. Da ya gama ya karanta, da farko ƙasa-ƙasa, daga baya ya saki murya:

"Mun zo neman ilmi mai kirki,
Kullum riga ce ke shan wanki,
Ya mai mulki, duba can kanki,
Fanka ta zauna ba ta aiki,
Zafi ya zamto sarkin ɗaki."

Shugaba ta ɗaga kai. Fankar tana daidai samanta, ƙura ta yi mata gemu. Yara suka zuba mata ido, ana jiran a ga abin da zai biyo baya. Sai ta sa gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna girgiza. Nan fa yara suka ɓarke, ana buga benci ba tafi ba yatsa.

Da hayaniya ta lafa ta miƙe, ta share idonta.

"Malam, ka tara yara sun kai ƙarata gabana, ko ba haka ba?"

Ya matso ya raɗa wani abu, ta kai kunne.

"Wai shi bai ce komai ba," ta gaya wa aji. Aka sake fashewa. A bakin ƙofa ta juyo. "Zango mai zuwa ajinka na nan. Ka haɗa da aji huɗu, in za ka iya. Waƙar nan kuma a kwafe mini ita da kyau, zan karanta wa iyaye. Mai gyaran fanka zai zo gobe."

Malam ya ɗan rusuna, ya dafa ƙirji.

Bayan an tashi, abokan aiki suka yi ta shigowa ɗakinmu na malamai suna yi masa barka, yana amsa wa kowa da hannu biyu. Da suka watse ya tattara littattafan yara arba'in da ɗaya, ya ɗaure su da roba a bayan kekensa. Tayar baya ta yi laushi, don haka bai hau ba. Ya tura keken ya tsallaka titi wurin mai faci, ya zauna a kan benci yana jira a sa mata iska.