Fatar da Audu Maikirgi Ya Tsaga

Jama'a, wannan labari ba a bakin wani na ji shi ba, da ni aka yi, kuma Allah shi ne shaidata ban ƙara masa ko gishiri ba. Shekarun baya ne, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Tudun Wada, wata huɗu ke nan da rasuwar matata. Wanda bai taɓa shiga irin wannan hali ba da wuya ya gane: ina ci, ina sha, ina shiga aji ina fita, amma wallahi ko cewa aka yi gobara ta tashi a ɗakina, iyakata in ce to. Ba baƙin ciki nake ji ba, ba komai nake ji ba, zuciyar ce kawai ta yi kanta.

To akwai wani abokin aikina, Malam Sabo, mutumin wani ƙauye ne can ƙasar Doguwa, gab da dajin Falgore. Ya san na iya karanta ajami irin na tsofaffi, don a hannun kakana na tashi. Sai ya same ni ya ce mahaifinsa, Baba Tanko, ya tsufa ƙwarai, idonsa ya tafi, kuma ya matsa lallai sai an karanta masa takardun da ubansa ya bari. An kai wa malamai biyu, kowanne ya ɗan duba ya mayar, wai rubutun ya yi masa ƙanƙanta. Ni ko dalili ban tambaya ba, na ce mu je.

Ranar Asabar da hantsi muka hau bas, muka sauka a bakin titi muka taka da ƙafa, lokacin kaka ne ana ta karyar masara. Tun daga titin wata mata ta biyo bayanmu, mai tsayi, siririya, ba tsohuwa tukuf ba, da zanen saƙi irin wanda aka daina yayi, ba takalmi, ƙafar nan duk faso. Na ɗauka 'yar gidan su Sabo ce. Ko gaishe ta ban yi ba, don a lokacin gaisuwa ma nauyi take mini. Da muka shiga zaure ita ma ta shigo, ta tsuguna a bakin ƙofa, aka tura mata tabarma ba ta hau ba.

Bayan an gaisa, Baba Tanko ya fara yi mini bayani. Ubansa, Audu Maikirgi, shi ne farkon wanda ya kafa zango a bakin dajin nan yana sayen fatun namun daji a hannun maharba, tun zamanin da ba titi ba gada. Damisa, mesa, kada, guza, ya ɗaure a kan jakai ya kai wa Turawan kamfani a Kano.

Ya ce, "Amma Malam, ba fataucinsa ya dame ni ba. Ina ɗan shekara bakwai innata ta fita da safe, ta ce za ta Kano, har yau ba ta dawo ba. Dangi ko ɗaya ban san tana da shi ba. Na tambayi Baba har ya koma ga Allah, bai taɓa ba ni amsa ba. So nake in sani kafin in bi shi, guduwa ta yi ta bar ni, ko wani abu ne ya same ta a hanya?"

Sabo ya jawo wata tsohuwar adaka ya buɗe. Takardu ne jingim, sun yi ja, gefensu duk gara ta lasa. Na shiga karantawa da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Akwai wasiƙun da Audu ya yi wa ƙanensa, akwai inda ya rubuta mashigin da jaki ke iya hayewa da damina, da sunayen maharban da ke kawo fata mai kyau da masu kawo ta da hudar kibiya goma, har da wata doguwar mita a kan wani Bature da ke shinshina fata kafin ya karɓa. Mutumin ya san aikinsa, kuma ga alama ba ya iya ganin fata a gabansa bai gyara ta ba. Ni dai karatu kawai nake kamar rediyo, abin ba ya shiga kaina, bakina ne ke aiki.

Har na zo kan wasu 'yan takardu da aka naɗe daban da zare. Ya rubuta cewa wata damina wata mata ta zo zangonsa ita kaɗai, ta fito da fatar damisa daga ƙarƙashin zanenta. Tunda yake sana'ar bai taɓa ganin irinta ba: ba hudar kibiya, ba sawun tarko, ko tsagar wuƙa babu a cikinta, kamar rigar da aka tuɓe ta wuya, kuma da ɗuminta. Ya taya, ta ce ba ta sayarwa ba ce, ajiya ce ta kwana uku, kasuwar gari take so ta gani ta dawo.

Kai, ɗan Adam! Kwana ɗaya ya yi yana kallon fatar, ga ruwa ana ta shekawa, shi kuma ya san ɗanyar fata in aka bar ta a rufe ruɓewa take. Sai ya sa wuƙa ya tsaga ta daga haɓa har wutsiya, ya kafe ta da tsinkaye a inuwa, ya shafe ta da toka, yana ganin alheri ya yi. Matar ta dawo, ta tsaya ta dubi fatar a shanye, ta zauna a ƙasa. Da ta buɗe baki cewa ta yi, "Ka rufe mini hanyar gida." Ba ta da inda za ta, sai ta zauna a zangon, daga baya liman ya ɗaura musu aure, ta haifi Tanko.

Na ci gaba, ban ko ɗaga kai ba. Ya ce kullum tana roƙonsa ya ba ta fatar ta gwada ɗinkewa, shi kuma ya ce mata ai tuni ta tafi Kano cikin kaya. Ƙarya ce. Shi da kansa ya ɗinke ta a ɓoye da jijiya, shekara da shekaru, ɗinkin da ko shi ba ya gane wurin. Da ya gama sai tsoro ya kama shi kada ta sa ta tafi, ya cusa ta a tulu, ya liƙe bakin da yumɓu, ya binne ƙarƙashin dutsen gabas na babban rumbu. Ita kuwa da ta gaji da jira, sai ta kama hanyar Kano neman abin da ke cikin gidanta.

Sai na ji murya daga bakin ƙofa: "Ɗan nan, maimaita wurin."

Na rantse da wanda raina ke hannunsa, ko tunani ban yi ba, na maimaita. Baba Tanko ya daskare, a hankali ya ce, "Inna?" Matar ta miƙe, ta ratsa tsakaninmu, zanenta ya shafi gwiwar tsohon, ta shige cikin gida ko sallama babu.

Sabo ya dube ni ya ce, "Gwaggon taka ta san wani a ciki ne?"

Na ce, "Gwaggon wa? Ba 'yar gidanku ba ce?"

Ashe shi ya ɗauka wata 'yar'uwata ce da ke rako ni saboda halin da nake ciki. Muka zabura muka shiga. Matar Sabo na tsaye da taɓarya a hannu, sai nuni take yi bayan rumbu. Awaki duk sun cure a lungu ɗaya, ko kuka ba sa yi. Rumbun sabo ne amma a kan duwatsun na da aka gina shi, kuma ga ƙasa nan a tone ƙarƙashin dutsen gabas, zurfin kamu biyu, a ɗan lokacin da ko mai fartanya ba zai iya ba. Ga tulu a fashe, ba komai a ciki sai ƙarnin ɗanyar fata. Bayan danga kuwa gonar masara ce har bakin daji, ba kowa.

Muka dawo zaure. Tsohon na nan inda muka bar shi, hannunsa a kan gwiwar. Bai tambayi tulu ba, bai tambayi fata ba. Ya juyo da makafin idanunsa wajen da nake ya ce, "Malam, kai mai ido ne. Da za ta wuce, ta dube ni?"

Ba ta dube shi ba. Ko ta gefen ido. Na ce, "Ta dube ka, Baba, ta daɗe tana dubanka."

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma ba ka iya ƙarya ba."

Na mayar da takardun cikin adaka, da sauran da ban karanta ba, kuma ba wanda ya ce in ci gaba. Har yau ban san mece ce matar nan ba, kuma ba na son in sani, sai dai duk ranar da na ga baƙuwa ta tsuguna a bakin ƙofa, tsigar jikina tashi take. Ku dai in aka miƙo muku takardun mamaci, ku fara bi da ido kafin ku buɗe baki, kuma ku tambayi mai gida ko su waye ke zaune a wurin.