Zambon Rumawa da yayana ya gaje

Jiya a unguwar Bani Malik na ji jikata tana yi wa ƙawarta habaicin rowa, sai na ajiye kofin shayina.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Jaddi, ai karin maganar Kaka Usman ce. Kowa ya sani."

Usman yayana ne, Allah Ya jiƙansa. A shekarun saba'in, ina ɗalibi a nan Jidda, na samo fassarar Larabci ta waƙoƙin zambon Rumawan da, masu caccakar marowata da 'yan fankama. Malaminmu ya ce marubutan da suka biyo baya duk daga nan suka ɗebo. Na zauna na mayar da wasu baitoci Hausa, na karanta wa Yaya.

Ran bikin ƙanwarmu ya rero su gaban jama'a. Aka yi ta dariya, Baba ya dafa kafaɗarsa.

Na ce, "Yaya, ai nawa ne!"

Ya ce, "Na Rumawa ne. Halas, magana ta ƙare, je ka zuba wa baƙi gahawa."

Ina yi masa addu'a kullum, amma wallahi har yau abin yana cina. Ku fa, in gaya wa yarinyar gaskiya ko in bar masa?