Kwalbar Miriyamu a Hannun Baba Kwaji

Ƙarfe bakwai na safe Baba Kwaji yake buɗe ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu a Mubi, yau shekara ashirin da shida. Kafin ya gaisa da kowa sai ya duba injin da ke jijjiga kwalabe. A cikinsu ake kiwon ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani, kuma dokarsa ɗaya ce: kada a cire audugar bakin kwalba sai ranar sauya ruwa.

"Ko dambu ba ya son yawan buɗewa, ɗana," haka yake gaya wa ɗalibi mai garaje. "Ka buɗe, datti ya shiga, aiki ya tashi a banza."

Shi da wata ɗaliba, Miriyamu, suka haɗa 'yar fitila a gindin kwalba. Haske ya ratsa ruwan, ƙwayoyin na ƙaruwa ruwan na duhu, kwamfuta na rubutawa, ba wanda ya taɓa audugar. Daga saiwar gyaɗar babanta a Vimtim ta samo ƙwayoyin. Saura wata biyu ta kammala, 'yan bindiga suka shigo gari a 2014.

Mu kowa ta kansa ya yi. Shi kuwa kwalbar Miriyamu ya runguma har ƙauyen Kwaja. Direbanmu, Malam Garba, ya gan shi can yana jijjiga ta da hannu, yana ɗaga ta ga rana don ya ga duhun ruwan.

"Haba Baba! Ana ta rai kana ta kwalba?" in ji Malam Garba.

"In yarinyar ta dawo, me zan ce mata?"

Mun dawo mun tarar da injin a farfashe, ya gyara. Miriyamu ce ba ta dawo ba. Ba gawa, ba labari. Shekara uku ke nan, duk sati biyu yana sauya wa ƙwayoyin sabon ruwa.

Kai ne mai riƙon amana, Baba. Kai kaɗai ka ƙi cewa "marigayiya". Mun gode, Allah ya saka maka.

Ranar Juma'a zai yi ritaya. Ya bi mu ofis-ofis yana neman mai karɓar kwalbar, kowa ya ce sai ya duba. Ni ma haka na ce, kuma wallahi kunya ta hana ni haɗa ido da shi. Jama'a, a samu mai koyi da dattijon nan mana. In sati biyu ya wuce ba a sauya ruwan ba za su mutu, kuma su kaɗai suka rage mana na Miriyamu.