Hanyar da Makara Ba Ta Wucewa

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana, Hamisu Kafinta. Duk shekara in wannan wata ya kama, nakan tara 'ya'yansa mu yi masa addu'a, a raba sadaka, kowa ya kama gabansa. Bana na kasa tsayawa a nan. Akwai abin da ya tokare mini ƙirji tun watan jiya, in ban amayar da shi ba zai iya yi mini illa. Masu karatu ku gafarce ni, yau da faɗa na zo.

Ga wanda bai san unguwarmu ba, a bayanta, can gefen Ƙofar Wambai, akwai wani tsohon burtali da ya miƙe har maƙabarta. Zamanin kakanninmu shanu ke bin sa, kuma ta nan ake ɗaukar mamatanmu. Da gari ya cika ya haɗiye gonaki, shanu suka daina zuwa, burtali ya zama ba mai shi. Mai shara ya zubar a can, mai ruwan wanka ya sako can, ledoji suka taru har ƙugu, zauna-gari-banza suka mai da shi majalisa. Ta kai in an yi rasuwa sai a zagaya da gawa ta bakin titi, ana kokawa da 'yan acaɓa.

Ranar da muka kai mahaifinmu ta titin nan, da damina ne, wata mota ta watsa wa makarar ruwan taɓo. Muka rufe kabari muka dawo. Asabar na zagayowa Yaya Hamisu ya ɗauki shebur ya shiga burtali shi kaɗai. Asabar ta biyu na bi shi, kuma kunya ce ta kai ni, ban yi don Allah ba. Emeka, mai sayar da kayan famfo da ke haya a unguwarmu, ya ba da aron baro biyu, ya tuɓe riga ya shigo cikinmu. A hankali abin ya zama gayyar unguwa. Sai da muka ci damina uku kafin ƙasar burtali ta sake ganin rana.

Yaya ne ya ƙera makarar masallacinmu, ya san faɗinta kamar yunwar cikinsa. Wata rana ya fito da ita ya ajiye a ƙasa, ya tsayar da mutum a dama, mutum a hagu, ya ƙara wurin wanda zai matso ya karɓa in kafaɗar wani ta gaji, sannan ya yanki igiya daidai wannan faɗi. Daga ranar duk wanda ya fito da dakali ko ya kafa rumfa cikin burtali, sai ya wayi gari ya ga Yaya a ƙofarsa da igiya. Dakalin gidanmu ya fara rushewa da hannunsa, don kada wani ya samu bakin magana. Mutane suka sa masa suna Hamisu Awon Gawa, shi kuwa ko a jikinsa. Abin da yakan ce ke nan: "Hanyar da makara ba za ta wuce ba, lungu ne kawai." Ya dasa dogon yaro jere a gefe, kowanne a bayan iyakar igiya.

Da ajali ya zo masa, a makarar da ya ƙera muka ɗauke shi, ta hanyar da ya share, kuma ba wanda kafaɗarsa ta gogi bango. Bayan kwana bakwai matarsa, Yaya Ladi, ta miƙo mini igiyar a naɗe. Ta ce, "Garba, ga amanar yayanka." Na karɓa na rataye a ɗaki.

Shekara uku da suka wuce aka zo da aikin gyaran burtali. Gaskiya ɗaya ce, an yi aiki mai kyau. An shimfiɗa bulon intalok a ƙasa, an kafa fitilun sola, an gina shaguna a gefe guda, an yi wa yara lilo, an yi wa tsofaffi kujerun siminti a inuwar bishiyoyin Yaya. Mata masu awara da ƙosai sun samu rumfarsu, shi ma Emeka ya kama shago. Da Yaya zai ga jikokinsa na guje-guje inda da ko kare ba ya bi, na san zai yi murmushin nan nasa na gefen baki. Amma na kuma san abin da zai yi bayan murmushin. Zai laluba aljihu ya fito da igiya.

Don hana keke da acaɓa shiga, an rufe bakin burtalin da shingen ƙarfe. Aka bar wata 'yar ƙofa mai lanƙwasa, wadda mutum ɗaya ke shiga yana karkacewa. Kusa da ita akwai babbar ƙofa mai kwaɗo. Ranar bikin buɗewa aka wangale ta, motocin manya suka shiga har gindin rumfa, aka yi jawabai, aka yanke ƙyalle, kowa ya yabi kowa. Ko sau ɗaya ban ji an ambaci sunan mutumin da ya kwashe ƙazantar wurin da hannunsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Motar ƙarshe na fita aka datse ƙofar, kuma tun daga ranar ban sake ganinta a buɗe ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari in faɗi nawa laifin. Ina cikin kwamitin unguwa da aka nuna wa zanen aikin, an sa ni ne ma don ni ƙanin Hamisu ne. Ranar na tafi da igiyar a aljihun rigata. Injiniyan, yaro ne mai ladabi, ya baza takarda ya yi ta bayani, rabi Hausa rabi Turanci. Da ya gama ya dube ni ya ce, "Baba, ko akwai tambaya?" Na taɓa igiyar, na dubi mutanen nan masu hular kwano da tef ɗin awo mai sheƙi, sai na ji kunyar fito da tsohuwar igiya mai dauɗa a gabansu. Na ce, "Babu, Allah ya yi albarka." Shi bai san da makara ba, ba ɗan unguwa ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai ɗakin ya yi shiru. Ina jin haushin kaina fiye da yadda nake jin haushin kowa.

Muka koma zagaye da gawa ta titi kamar ba a taɓa yin Hamisu ba. Mun rubuta takarda, an ce ana dubawa. Mun sake rubutawa, an ce wanda ke dubawar an canja masa wurin aiki. Wasu dattawanmu suka ce a yi haƙuri, ai mamaci bai san ta ina aka bi da shi ba. Haka muka yi ta haƙurin banza har watan jiya.

Yaya Ladi ta jima tana jinya. Kwana biyu kafin ta cika ta sa aka kira ni. Ta ce, "Garba, ba na roƙon komai, ku dai bi da ni ta hanyar Malam." Na ce, "In sha Allahu, Yaya." Na yi alkawarin ina sane da kwaɗon nan.

Ta rasu da safe. Kafin a gama yi mata sutura na garzaya wurin maigadin burtali. Ya ce, "Wallahi Baba, makulli na wurin oga." Aka kira oga, waya a kashe. Aka tura mutum ofis, aka ce ya yi tafiya, kuma ba wanda ya san aljihun tebur ɗin da yake ajiyewa. Muka sallace ta, na roƙi jama'a mu nufi ƙofar ko Allah zai sa a dace. Muka isa, muka tsaya da ita a kafaɗa, rana na dukanmu. Ta cikin ƙarafan ina hango hanyar, shararriya, ga inuwar dogon yaro tun daga farko har ƙarshe. Masu shaguna suka miƙe tsaye, mata suka sauke kaskon suya. Wani ya ce a karkata makarar a gwada 'yar ƙofar, na daka masa tsawar da har yau nake neman gafararsa. Sai ga Emeka ya fito da zarton ƙarfe, idanunsa jajur. Ya ce, "Malam Garba, bari na yanka wannan kwaɗo. Ni da mijinta muka share wannan hanya. Su kama ni." Liman ya riƙe hannunsa ya ce ba a tayar da fitina da gawa a kafaɗa, kuma haƙƙinta ne a gaggauta kai ta. Gaskiya ya faɗa. Muka juya da ita muka hau titi, 'yan keke na yi mana oda mu ba su hanya.

Ku da kuka yi wannan aiki, ina tambayarku: ƙofar da ta buɗu wa motocinku, me ya sa ba za ta buɗu wa mamatanmu ba? Kun yi wa yaro wurin wasa, kun yi wa ɗan kasuwa wurin ciniki, kun yi wa tsoho wurin zama, kuka manta cewa dukkansu akwai ranar da a kafaɗa za su bi ta nan. Ku ma haka, duk girman motar mutum. Ba mu ce a rushe ko bulo ɗaya ba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Makulli ɗaya muke nema, a rataye shi a masallaci kusa da makara. Shekara uku muna roƙon abin da maƙeri zai yanka kafin shayi ya huce.

Me ya rage na Yaya Hamisu? Bishiyoyinsa sun yi girma, kowa na shan inuwarsu ba tare da ya san mai su ba, kuma na san wannan ba zai dame shi ba. Makararsa na nan, har yau ko ƙusa ba ta saki ba. Abin da ya yi wa wahalar damina uku ne kawai aka datse da kwaɗo, ni kuma na sa albarka. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Yaya Ladi, ya yafe mini alkawarin da na kasa cika mata.

Jiya na sauko da igiyar na je na gwada 'yar ƙofar a gaban kowa. Ko rabinta ba ta ci ba. Na ɗaure ta a jikin babbar ƙofar, kusa da kwaɗon, na ce wa maigadi duk wanda ya tambaya ya turo shi gidana. Na haura sittin, ƙafafuna sun fara gardama, ban san saura nawa ba. Na riga na gaya wa 'ya'yana ta inda nake so a bi da ni.