Adon Katin Bikin Ibohaman

Madawa zuwa Buza

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar Madawa da kwali a kai. A ciki akwai katin gayyata ɗari biyu da na buga a ɗan shagona, na bikin ɗiyar Malam Alhusaini na Ibohaman. Shi ne babban aikina na farko, Malam kuma ya ce in ya yi kyau zai haɗa ni da mutanensa.

Ina ji da katin nan, ba na ɓoyewa. Na ƙi furannin da kowa ke saukowa da su daga waya. Na kwaikwayi adon wani tsohon matashin kai na fata, aikin Abzinawa, da ke gidanmu, da'ira da ɗigo da ƙananan giciye, na zagaye gefen katin da su, ja da kore.

Kuɗin mota sefa jikka biyu. A shingen jandarma aka buɗe kwalin, jandarman ya ɗaga kati ɗaya ya ce, "Wanga ya yi." Kaina ya ƙara girma. Ƙarfe takwas saura kwata muka shiga Buza, na karya da kunu da ƙosai.

Buza zuwa Keita

Nan aka rage mini girman kai. Wata tsohuwa Ba'abziniya da ke kusa da ni a mota ta karɓi katin da nake nuna wa fasinjoji. Ta jujjuya shi, sai ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Na ce, "Inna, lahiya?"

Ta ce, "Ɗana, wanga ba ado ba na. Rubutunmu na, tifinar."

"Mi ya ce?"

"Kai ma masu bikin, su karanta maka."

Ta sauka a wani ƙauye ta bar ni da zulumi. Gidan amarya suna jin Tamajak, yaren Abzinawa. In zagi na buga sau ɗari biyu fa? Duwatsu da korayen kwaruruka sun yi ta wucewa, ban ga ko ɗaya da daɗi ba. A Keita na sayi fura na kasa sha.

Ibohaman

Ɗan kabu-kabu ya kai ni a babur cikin minti arba'in. Bayan gaisuwa na ce wa Malam Alhusaini, "Baba, kahin a raba, a samu mai karanta gehen nan."

Ya kira mahaifiyarsa. Ta kawo katin dab da ido, tana bi da yatsa, tana fassarawa: "Ni ce nake cewa, mai matashin nan, ka daɗe. Komo gida, na gaji da jira."

Nan take matan gidan suka tuntsire da dariya. Ashe angon shekara huɗu ya yi a Abijan, amarya na korar manema. Wata ta rangaɗa guɗa, amaryar ta ruga ɗaka.

Tsohuwar ta ce, "Wa ya gaya maka sirrin jikata?"

Na ce, "Wallahi Kaka, ado kawai na gani."

Malam ya ce kada a taɓa ko ɗigo. Aka cika ni da tuwon dawa da miyar kuka.

Komawa

Na kwana a Keita, washegari da azahar ina Madawa lafiya lau, na gode Allah. Na gode wa matar da ta yi wancan rubutu a jikin matashin, wadda ban san sunanta ba. Har yau ina fata nata mutumin ya komo.