Ƙwan Zabbi a Aji Uku

A aji uku na bar makaranta, kuma lissafin rabawa ne ya kore ni. Malam ya rubuta a allo, in kalla, ya tsula mani bulala, in koma in zamna. Na gaji na kama fartanya.

Bara sai ga ɗiyata ta ƙarshe ta maƙale a daidai wurin nan. Hedimasta ya aiko cewa in ba ta gane rabawa ba kafin jarrabawa, aji uku za ta maimaita. Ita kuwa ta riga ta faɗa wa uwarta, in sa'o'inta suka wuce suka bar ta, ta gama boko. Na san wannan maganar, ni na fara yin ta.

Ana haka aka kawo masu sabuwar malama daga Ƙanƙara. Yarinya ta dawo gida tana cewa yau tatsuniya aka karanta masu a lokacin lissafi. Tsohuwata, kakar yarinyar, ta aje tsintsiya.

"Tatsuniya da rana tsaka? Mai yin haka ɓata yake a hanya. Tashi ka je ka ji."

Na tafi da niyyar faɗa. Na tarar ma malaman sun riga ni, suna ta yi a gindin darbejiya. Wani dattijon malami, wanda ya fi kowa daɗewa a makarantar, yana cewa lissafi hadda ne, yaro ya rera biyu sau biyu har ya zauna masa, labarin kaji ɓata lokaci ne. Wani ya ce littafin tatsuniyar ɗaya ne tak, yara kuwa har bakin ƙofa. Malamar ta waiwayo. Ta dube ni.

"Baba, mi ya kawo ka?"

"Tatsuniyarki."

"To shigo ka ji ta, in ya so ka yi mani faɗan gaba ɗaya."

Na zauna a bencin baya, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata. Ta buɗe wani ɗan littafi mai zane. Wata tsohuwa ce ta tsinci ƙwan zabbi ashirin da biyar a gonar dawa. Zabuwa ba ta iya reno, kowa ya sani, sai a sa wa kaza. Tsohuwa tana da kaji uku masu kwanci. Malama ta rufe littafin.

"Nawa-nawa za ta sa masu?"

"Takwas-takwas," na ce. Wallahi ban san sadda ya fito ba. Aji ya kwashe da dariya.

"Baba, ba kai aka tambaya ba. To saura fa?"

Sai na ga hannun ɗiyata a sama.

"Saura ɗaya, Malama. A dafa wa auta."

Malama ta je allo ta rubuta ashirin da biyar, ta ja wannan alamar da ta kore ni, ta sa uku. Na miƙe tsaye. Duk damina ni ke raba wa kajin gidanmu ƙwan zabbi, tun ina saurayi, ban taɓa kuskure ba. Ashe shi ne wannan? A kan abin da nake yi ido rufe aka yi ta dukana?

Da na fito, dattijon malamin ya tare ni.

"Ran jarrabawa babu kaza a takarda, ka sani ko?"

"Malam, ita za ta zo da kajinta."

Sati uku muna yi a tsakar gida da ƙwallayen ɗinya. Ta raba wa kaji huɗu, biyar, bakwai, ni ina duba mata, tsohuwata na gefe tana mita. Ranar da aka ba da sakamako yarinya ta shigo da gudu, takalmi ɗaya a hannu. Aji huɗu.

Tsohuwata ta karɓi takardar, ta juya ta sama da ƙasa.

"To, tunda kin gane hanyar gida," ta ce, "zo ki ba ni labarin tsohuwar nan."